Harshen Inna da Ƙofar Zaurena

Ranar Asabar ce da hantsi, kwana kaɗan bayan an gama yankan dawa. Na san lokacin daidai, domin na fito na auna inuwata kamar yadda nake yi kullum kafin in sallami masu karatun safe, na same ta ƙafa tara. Mu uku ne a tsakar gida: ni, da mai ɗakina tana tankaɗe a bakin madafi, da Inna mahaifiyata, tana zaune a tabarma tana kaɗi. Mazarin ne ya fara faɗuwa. Daga nan ita ma ta karkata ta gefen dama a hankali, kamar mai son ɗauko wani abu a ƙasa, ba ta tashi ba.

Muka ɗauke ta muka kai ɗaki. Wanzami ya zo ya yi mata ƙaho. Wajen azahar ta buɗe ido. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama ma haka, baki ya ɗan karkace. Ta dube ni ta yi magana mai tsawo, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ce, "Inna, ni ne." Ta dube ni kamar yadda ake duban baƙon da ya yi wani yare a kasuwa. Hausar da ta shekara arba'in da wani abu tana yi ta fita daga bakinta, ta fita daga kunnenta. Abin da ya rage mata Warjanci ne, harshen da aka haife ta da shi.

A nan sai in koma baya in faɗi abin bisa tsari, domin wanda bai san farko ba ba zai gane ƙarshe ba.

Mahaifina Bahaushe ne, manomi a Kiyako. Ya auro Inna daga wani ƙauyen Warjawa na gindin dutse, ta musulunta, ta koyi Hausa da girmanta. Da Warjanci ta yi mini rainon goyo, kuma an ce har na shekara bakwai da shi nake amsa mata. Yaran unguwa suka fara kirana ɗan dutse. Na daina amsawa. In ta yi mini magana da harshenta sai in yi kamar kurma har ta juya zuwa Hausa. Ba ta taɓa dukana a kan haka ba. Ta juya ɗin, daga baya ta bar shi gaba ɗaya.

Da na kai shekara ashirin aka kai ni Gwaram neman ilimi wurin wani malami Bafulatani. Yadda ake karatu a wurinsa shi ne, ɗalibi ya ja Larabci gaɓa-gaɓa, malam ya bi shi da ma'ana. Amma da Fillanci yake ba da ma'anar, domin da shi malamansa suka ba shi. Mu Hausawa huɗu muna can baya muna gyaɗa kai. In aka tambaye ni na yi shiru, sai a yi dariya a ce kaɗo, wato Bahaushe, ya ɓata a daji. Akwai wani saurayi Bafulatani da yake juya mini karatun da Hausa a hanyar rijiya, malam kuwa ya sani bai hana ba. Da taimakonsa na sauke ƙananan littattafan farilla uku da rabin na huɗu. Iyakar ilimina ke nan, ban ƙara ba. Dariyar na riƙe a zuciya na dawo da ita gida. Alherin saurayin nan kuwa na manta da shi shekara da shekaru.

Bayan rasuwar mahaifina na ɗauko Inna muka zauna a Birnin Kudu. Gari ne da ba ka rasa jin harshe huɗu ko biyar ran kasuwa. Matan Fulani na cinikin nono da nasu, Barebari masu kanwa da gishiri na lissafi da nasu, Warjawa na kawo zuma da itace suna hira da nasu, wani lokaci Buzaye su sauka da raƙuma a bayan ganuwa. Hausa ce ke haɗa su in an zo yanke farashi, da an yanke kowa ya koma bakin gidansu. Ni wannan bai dame ni a kasuwa ba. A makaranta ne na ce ba zan yarda ba. Da na buɗe karatu a zaurena na kafa doka uku: a zo da alwala, a zauna bisa tsarin littafi, kuma babu harshe a zaure sai Larabci da Hausa. Na gaya wa kaina cewa don kada wani ya zauna a baya yana gyaɗa kai na yi haka.

Shekara biyu kafin faɗuwar Inna, da rani, wani Bawarje ya zo karatu. Magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, manomi kuma mai ɗaura amya, bai daɗe da musulunta ba. Hausarsa tana da kyau. Ya zo da 'yan'uwansa biyu waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba. In na ba da ma'ana, sai ya sunkuya ya juya musu da Warjanci ƙasa-ƙasa. Na hana shi sau ɗaya da ido. Na hana shi na biyu da baki.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, in ban faɗa musu ba, zama kawai suke yi."

Na ce, "Su yi zaman. Kunne zai buɗe."

Ya ce, "Kafin ya buɗe damina ta faɗi, mun koma gona, alwalar ma ba su iya ba."

Ɗalibai suka yi dariya. Ban so dariyar ba, amma ba ita ce ta sa na yi abin da na yi ba, kuma tunda na ɗauki alƙalami gara in faɗi gaskiya. Mutumin nan ya gane ko wace ce Inna. Kullum in ya zo da safe sai ya tsaya a ƙofar ciki ta zaure ya ɗaga murya ya gaishe ta da harshensu, ita kuma ta amsa daga tsakar gida. Ta ma ɗauko tabarmar kaɗinta ta dawo da ita jikin bangon zaure. Ran nan na ji ta yi dariya irin wadda ban ji ba tun ina yaro, ɗalibaina ashirin suna saurare. Wani ya raɗa wa na kusa da shi cewa ashe Malam ma na gida ne.

Washegari mutumin ya sunkuya zai juya wa 'yan'uwansa karatu, na rufe littafi. Na ce, "Tashi. Wallahi, muddin ina numfashi, wannan harshe ba zai sake ratsa zauren nan ba, shi da mai ɗauke da shi." Ya ɗauki allonsa, ya ajiye ƙwaryar zumar da ya kawo wa Inna a bakin ƙofa, suka fita su uku. Na ji daga baya ya koma karatu Gwaram, yana noma a Dingaya.  Inna kuwa ta mayar da tabarmarta inda take a da.

To, yanzu na dawo kan ciwon.

Da na ji Warjanci na fita daga bakinta babu tsayawa, tsoro ya kama ni. Na ce a raina ko dai iska ce ta shige ta, ko kuwa ta koma kiran abin da iyayenta suke kira kafin ta musulunta, ga ta kuma a bakin kabari. Na yi abin da na iya. Na rubuta allo na wanke na ba ta. Na jera ɗalibai shida a ƙofar ɗakinta suna karatu daga hantsi zuwa la'asar. In na shiga ta kama wuyan hannuna da hannunta mai rai ta fara magana, sai in ɗaga murya da karatu har muryata ta rufe tata. Kwana shida ina haka. A na biyar ta daina karɓar kunu daga hannuna, sai daga hannun mai ɗakina. A na shida na shiga ta juya fuska bango.

Mai ɗakina ba mai yawan magana ba ce. Ranar ta tare ni a bakin rumbu ta ce, "Malam, in ba za ka yi fushi ba."

Na ce, "Faɗi."

Ta ce, "Ni dai ban ga iska ba. In ni na shiga, tulu take nunawa, ko ƙofa, ko zanenta. In kai ne, magana ɗaya take yi maka, ita ce dai kullum, har na kusa haddace ta. Mai iska ba ya zaɓen wanda zai yi wa magana."

Ran Juma'a bayan an sauko, limamin unguwarmu ya zo dubiya. Dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya tarar da masu karatu a ƙofa, ya ɗan saurara, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam, karatun nan don ta ji ake yi, ko don kada a ji ta?"

Na waiwaya na dubi masu karatun.

Ya ce, "Shekara nawa kana ganin tsohuwar nan tana salla? Wanda ciwo ya taɓa wa kai ba a kama shi da abin da bakinsa ya faɗa, balle ma ba ka san me ta faɗa ba. Ranar da Allah ya ɗauke ta ni zan sallace ta. Wannan ba abin damuwarka ba ne. Ka nemi gafararta?"

Na ce, "Na nema sau uku. Ba ta ji."

Ya ce, "To ba ka nema ba ke nan. Nemo wanda zai kai mata, ya kawo maka amsa, tun tana da numfashi."

Daga wannan sa'a abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. A wurinmu ɗa ba ya barin uwa ta tafi bai durƙusa ya ce ta yafe masa ba, ya kuma ji amsa da kunnensa. Ni kuwa na san abin da ke tsakanina da ita tun ina shekara bakwai.

Shekarar babu kwanciyar hankali a hanyar dutse, Warjawa ba sa cika shigowa kasuwa. Na sami wata tsohuwa mai sayar da itace, na roƙe ta. Ta ce, "Ai mun ji rantsuwar Malam. Gidanka ƙofa ɗaya gare shi, ta zaure. Ni da fiffike zan shiga?" Ta ɗauki daminta ta wuce. Na ga dai babu wanda zai zo sai wanda na kora, in ma zai zo.

Saura rantsuwar. Liman ya ce mini in karya ta in ciyar da miskini goma, shi ke nan. Ni ma na san haka, yana cikin rabin littafin da na karanta. Amma a gaban mutum ashirin na rantse, kuma shekara goma sha biyar ina koya musu cewa namiji ba ya haɗiye yawun da ya tofar. Na zauna na auna kalmomina ɗaya bayan ɗaya. Na ce zaure na ambata, ban ambaci gida ba. In mutumin ya shiga ta wani wuri, rantsuwata tana nan daram. Na kira magini ya fasa katangar baya kusa da rumbu. Bayan katangar fegin maƙwabcina ne, sai da na nemi izininsa, shi kuma sai da ya jira wansa ya dawo daga ƙauye. Asabar da Lahadi suka tafi a kan ramin katanga. Na tsaya a kan magini ina nuna masa faɗi da tsawo, ina jin daɗin dabarata.

Litinin da sassafe na hau jaki. Na kwana a hanya, na shiga Gwaram Talata bayan azahar. Tsohon malamina ya riga mu gidan gaskiya. Aka nuna mini makarantar wani malami Babarbare, rumfa ce babba a gindin tsamiya. Na tsaya daga nesa, domin ban saba katse karatu ba.

Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba. Mai ja ya ja Larabci. Malam ya fara gunguni da Barbarci shi kaɗai, kamar yadda aka koya masa, sannan ya faɗi ma'ana da Hausa. Wani dattijo Bafulatani a damansa ya juya wa makiyaya da Fillanci. A can gefe mutumina yana juya wa mutum biyar da Warjanci, ba ƙasa-ƙasa ba, da muryarsa sosai. A kunnena kasuwa ce. Malam ya dubi dattijon ya ce, "Bawana, faɗa musu daidai, kada ka ƙara musu saniya a cikin zakkar."

Dattijon ya ce, "Allah gafarta Malam, ku da kuka zo mana a bayan jakin kanwa? In na bar su da Hausarka mai kauri, da kaza za su yi layya."

Aka yi dariya, malam ya fi kowa. Barebari da Fulani abokan wasa ne, ba a jin haushi. Amma da aka kai ƙarshen babi malam ya bi su ɗaya-ɗaya da tambaya, kowa ya amsa da harshensa, mai juyawa ya mayar da Hausa. Na ƙirga, mutum biyu kaɗai suka kuskure. A zaurena ranar da aka yi sa'a rabi ne ke amsawa. A tsaye a wurin saurayin hanyar rijiya ya faɗo mini a rai.

Da aka shafa addu'a na matsa. Mutumin ya gan ni, ya miƙe, ya rage tsawo ya gaishe ni kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, lafiya?"

Na faɗa masa bi da bi: faɗuwar, da hannun, da harshen, da maganar liman. Ban faɗi kwana shidan karatu ba, ban faɗi katanga ba.

Ya ce, "Tsohuwa tana da rai?"

Na ce, "Da rai na bar ta."

Ya ce, "Kwana nawa yau?"

Na ce, "Sha ɗaya."

Ya dube ni. Ya je ya durƙusa ya yi wa malaminsa sallama. Babarbaren ya ɗaga kai ya ce mini, "Malam na Birnin Kudu, mun ji labarinka. Aro muka ba ka, ka dawo mana da shi da harshensa a baki."

Laraba muka kama hanya, ni a jaki shi a ƙasa, ya ƙi karɓar jakin ko sau ɗaya. Sai da muka hango ganuwa ran Alhamis na gaya masa zancen katanga. Na yi masa bayani dalla-dalla yadda rantsuwar za ta tsira. Na ƙara da cewa yau babu karatu, ba wanda zai gan shi.  Muka iso ƙofar gida ana kiran azahar. Na nufi lungun baya. Na waiwaya, na gan shi ya zauna a dakalin ƙofar zaure ya ajiye sandarsa.

Na ce, "Ta nan ne."

Ya ce, "Malam, ta katanga akuya ke shiga, sai ɓarawo. Ta ƙofar nan na fita, mutum ashirin suna kallo."

Na ce, "Rantsuwa na yi da sunan Allah."

Ya ce, "Na ji ta, ai a kaina aka yi. Ni ban rantse ba, amma ba zan kai wa tsohuwa harshenta ta bayan rumbu ba. Ita ma da shi za a fitar da ita, ta zauren nan. Ko ita ma ta katanga za ka fitar?"

Na shiga ciki na bar shi. Inna tana kwance, ta rame har ƙashin fuskarta ya fito, numfashi sama-sama. Mai ɗakina ta ce tun jiya ba ta yi magana ba. Na fito na sake roƙonsa, ya ce yana nan zaune. Na koma zaure na buɗe littafi ina neman wata ƙofa a cikin hukuncin rantsuwa. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma daga azahar har la'asar ina tsakanin littafi da dakali. Muka yi la'asar, ni a gaba shi a baya. Da na sallame na aika a kira mini ɗalibai duk wanda aka samu. Goma sha huɗu suka zo.

Na tsaya a inda na tsaya shekara biyu da suka wuce. Na ce, "A gabanku na rantse. A gabanku na karya. Kaffara tana wuyana, kuma laifin rantsuwar ya fi na karyawar." Na juya na ce wa mutumin, "Malam, bismilla." Ranar na fara kiransa Malam.

Ya ratsa zaure. A ƙofar ciki ya yi sallama, sannan ya ɗaga murya ya yi gaisuwar da yake yi da. Muka ji motsi daga ɗaki, sai wata 'yar murya ta amsa.

Ya zauna a bakin gadonta, ni a ƙasa, mai ɗakina a ƙofa. Suka yi ta magana, ita a hankali, tana hutawa. Yana juyo mini kaɗan-kaɗan. Ta tambayi ko an kwashe audugarta daga raɓa. Ta ce kunun ya cika tsami. Ta tambayi wata yayarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Ta ce a kawo mata dutsen taimama, salloli sun taru mata, ta yi ta nuna ƙofa ba wanda ya kawo. Mai ɗakina ta fita da gudu ta ɗauko. Ta kuma ce yaran da aka tara mata a ƙofa sun hana ta barci.

Na ce masa, "Gaya mata ina neman gafararta. Duk abin da na yi mata tun ina yaro."

Ya faɗa mata. Ta ce wani abu gajere.

Ya ce, "Ta ce ba ni na sha nononta ba. Mai nema ya nema da bakinsa."

Ya faɗi kalmomin gaɓa-gaɓa, ina bin sa, kamar yadda nake yi wa masu farawa. Na farko na ɓata. Na biyu ya ce na kusa. Na uku Inna ta ɗaga hannunta mai rai ta daki gwiwata, ta maimaita kalmar ƙarshe yadda ya kamata, da ƙarfi, irin gyaran da ake yi wa yaro. Na faɗa na huɗu. Ta ɗora hannun a kaina ta yi magana.

Ya ce, "Ta yafe. Ta ce tun tuni, amma tana so ta ji ko bakinka zai iya."

Daga nan na tuna da maganar da take yi mini tana riƙe da wuyan hannuna. Na ce ya tambaye ta. Ya tambaya sau biyu. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce ba ta tuna ba, ta gaji. Juma'a muka sake tambaya, ta yi maganar auduga. Asabar bayan azahar ya laƙƙana mata kalmar shahada, ta bi shi, ta cika. Liman ya sallace ta. Ta zaure aka fitar da ita.

Na ciyar da miskini goma. Na sa magini ya toshe katanga, gurbin har yau launinsa daban. Doka ta uku na cire ta, biyun suna nan. Mutumin ya koma Gwaram bayan sadakar bakwai, ya ƙi karɓar komai, kuma shekara tara ke nan da rasuwarsa.

Kafin ya tafi, ni da mai ɗakina muka haɗa abin da kunnenmu ya riƙe na wannan magana, muka faɗa masa. Ya sa muka maimaita har sau biyar. Ya ce mun tauna ta da yawa, kalma biyu kaɗai ya tsinta, ɗaya yaro, ɗaya kogi. Da na bar ta ta yi magana a kwana shidan nan, ko da na tafi Gwaram tun ran Asabar maimakon fasa katanga, mai yiwuwa da na ji sauran. Na rubuta sautin da ajami a bayan wannan takarda, iyakar yadda baƙaƙenmu za su iya ɗauka, na yi masa wasali da kyau. Na karanta wa Warjawa bakwai a zaurena, babu wanda ya warware ta, amma kowannensu ya ce akwai magana a ciki.

Kai da wannan takarda ta shiga hannunka, ina roƙonka abu biyu bisa tsari. Na farko, ka juya bayanta, ka nemi tsoho ko tsohuwa mai jin Warjanci, ka karanta masa a hankali sau uku, kada ka gyara komai. In ya gane wani abu, ko kalma ɗaya ce, ka aiko mini Birnin Kudu, zauren da ke kusa da marina, ta ƙofar gaba. Na biyu, in ka tarar na riga na tafi, ka roƙa mata rahama da harshen da mahaifiyarka ta yi maka raino da shi, ni ma ka sa ni a ciki.